Ranar da Na Fito da Injin Mama Daga Hannun Bakanike

Edita, ina gaisuwa, kuma ina roƙon a sakaya sunana, domin a Zuru idan ka yi atishawa a bakin kasuwa, kafin ka kai gida an riga an faɗa wa mahaifiyarka cewa mura ta kwantar da kai. Lokacin da abin nan ya faru shekaruna goma sha shida, ina aji biyu a babbar sakandare, kuma a ganina tun daga Zuru har Sakaba ba a haifi mai wayona ba. Bakina kamar rediyon da makashinsa ya lalace. Kowa a unguwarmu na laƙa masa suna, kowa na san yadda zan kwaikwayi tafiyarsa, har limamin cocinmu bai tsira ba. To wannan mai wayon ne wata rana Mama ta ba shi kuɗi ya sayo baƙin mai na injin niƙanta, ya tsaya a ƙofar gidan kallon ƙwallo, ya dubi kuɗin, ya dubi allon da aka rubuta wasan ranar, ya yanke hukuncin cewa inji ba shi da harshe, ba zai san bambancin mai da mai ba.

Abin da na yi shi ne, na je bayan tasha inda ake juye man babura, na roƙi mataccen man da aka tsiyaye a wani tsohon galan. Na tace shi da safar makarantata, na ɗura a gorar sabon mai da na tsinta, na goge gorar da gefen riga har tana ƙyalli. Kuɗin kuwa na kalli ƙwallo, na ci tsire, har na saya wa wani abokina lemo don ya shaida cewa ni babban yaro ne. Ƙungiyar da nake goyon baya ma aka lallasa ta a ranar. Da na dawo gida na ɗura wa injin wannan baƙar guba da hannuna, Mama tana tsaye tana sa mini albarka, tana cewa ai na fara zama namijin gida.

Ya kamata in faɗa muku matsayin injin nan a gidanmu. Babana soja ne, yana can gabas inda ake fama, kuɗinsa wani watan su zo, wani watan sai dai gaisuwa. Mama ta gaji da jira, ta je wani kamfanin ba da rance da ya buɗe ofis a garinmu, suka saya mata injin niƙa a kan za ta riƙa biya duk mako, injin kuma shi ne jinginar bashin: idan ta kasa biya, su ɗauke abinsu. Aka kafa shi a rumfar ƙofar gida. Tun asuba mata ke jera robobin wake da dawa da masara. Daga injin nan muke ci, daga shi ake biyan kuɗin makarantata da na ƙannena biyu, daga shi Mama take ɗaga kai idan matan unguwa suna hira. Ni kaina idan ana gardama a makaranta nakan ce ai mu masu masana'anta ne.

Bai yi mako da shan man nawa ba ya fara tari. Ranar da ya mutu kuwa, ana tsakiyar markaɗa waken wata mai ƙosai, ya yi wata ƙara da na rantse an ji ta a Dabai. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar, kajin maƙwabta suka yi hijira, wata tsohuwa ta yar da kwanon gerunta ta ruga tana kiran sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Sai shiru. Mama ta ja igiyar tayarwa har kafaɗarta ta gaji. Ni kuma na tsaya gefe na haɗe fuska, ina girgiza kai, ina cewa ai kayan zamanin nan ba su da ƙwari. Muka kwance injin daga kan niƙan, domin guda biyu ne bel yake haɗa su, muka bar kan niƙan a rumfa, na ɗora injin a baro na tura shi gareji.

Bakaniken da muka kai wa ina kiransa Oga Gobe, saboda tun da Allah ya yi shi bai taɓa cewa yau ba. Ka kai masa fitila ya sa mata batir, zai ce ka dawo gobe. Mutum ne mai ƙaton tumbi da singileti wadda ba wanda ya san launinta na asali, kullum yana kwance a benci ƙarƙashin dogon yaro, tsinken sakace a baki, kewaye da gawarwakin injuna waɗanda masu su suka haƙura. Idan ka ce na raina shi ba ka faɗi rabin gaskiya ba. Ya tashi da ƙyar kamar ana cire masa haƙori, ya kwance mazubin mai, ya tsoma yatsa, ya murza, ya shinshina. Sai ya ɗago ya kalle ni. Ya kalli Mama, ya sake kallona, ya yi wani irin murmushi. Bai ce komai a kan man ba. Ya dai gaya wa Mama cewa injin ya buga, sai an sake fistin da ringi, ta dawo gobe. Da za mu tafi ya kira ni ɗan soja, ya ce in riƙa gaishe shi da kyau daga yau.

Goben nan ta ɗauki makonni. Yau ya ce kayan suna hanya daga Yawuri, gobe ya ce wanda ya aika matarsa ta haihu, jibi ya ce kayan sun zo amma ba su ne ba. Kullum na je sai ya aike ni sayen goro, ko in kama masa ƙarfe, ko in yi masa fifita, ni kuwa ba halin musu tun da ya san sirrina. Ina yi masa fifita ina zaginsa a zuci da Hausa da yarenmu na C'lela, har da Turanci idan sun ƙare. Daga ƙarshe dai ya gyara, da kuɗin aljihunsa ya sayi kayan, kuma wannan ita ce gaskiya ɗaya tak da zan faɗa a kansa ba da son raina ba. Ya tayar da injin a gabanmu, ya yi ruri kamar sabo. Mama ta fara godiya, na kawo baro. Sai mutumin nan ya shiga shago ya fito da wata sarƙa wadda za ta iya riƙe bijimi, ya zagaya injin da ita, ya ɗaure a gindin dogon yaro, ya danna kwaɗo, ya jefa makullin cikin aljihun wandonsa. Ya ce Madam ta kawo kuɗin kaya da na aiki, ta ɗauki abinta.

Mama ta roƙe shi har muryarta ta dushe. Ta ce ya dubi Allah, injin ne ke kawo kuɗin, in ya sake shi cikin makonni kaɗan za ta biya. Ya ce shi ma Allah yake duba, shi ya sa ba zai saki ba. Ya ce duk injin da ya fita daga garejin nan da alkawari, mai shi sai ya canja hanyar zuwa kasuwa. Ta ce mijinta soja ne. Ya ce to ya zo da tankar yaƙi ya ja dogon yaron. Haka muka dawo da baro ba komai a ciki. Rumfa ta yi tsit, matan da ke yi wa Mama kirari suka koma niƙa a wata unguwa, suna wucewa ta ƙofarmu da robobinsu suna yi mana sannu irin ta gidan makoki. Miyarmu ta koma ruwa da gishiri da kyakkyawar niyya. Kuɗin mako na kamfani kuwa ya tsaya cak.

Nan ne mutum na biyu ya shigo, ma'aikacin kamfanin da ke karɓar kuɗi, wanda na sa wa suna Mai Kwat. Zafin Zuru na watan bazara, wanda ƙadangare ma yake neman inuwa, shi yana cikin kwat da laƙataya, gumi yana bin wuyansa, turarensa yana isowa kafin shi. Murya gare shi mai laushi kamar ta mai jinya. Ba ya zagi, ba ya tsawa, sai dai ya ce Madam kamfani yana cikin damuwa, kamar kamfanin wata gwaggonsa ce da ke kwance asibiti. Da ya ji inda injin yake, ya gyara kwat ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, injin nasu ne har sai an gama biya, yanzu zai je ya karɓo. Na bi shi a baya, domin ba ni da niyyar rasa wannan wasan, kuma kyauta ne.

Edita, da ka ga haɗuwar nan da ka biya kuɗin shiga. Mai Kwat ya tsaya a kan Oga Gobe yana karanta masa yarjejeniya sakin layi bayan sakin layi, shi kuma yana kwance yana sakace. Da ya gama, Oga Gobe ya tambaye shi ko takardar ce ta sayo fistin. Ya ce in ita ce, to ta sa hannu a aljihu ta biya shi. Mai Kwat ya ce zai kira 'yan sanda. Oga Gobe ya ce ya kira, daman babur ɗin ɗayansu yana nan yana jiran gobe. Mutane suka taru. Mai Kwat ya koma gefe, bayan wata matacciyar mota, ya kira lauyan kamfaninsu a waya, ya sa ta a amsa-kuwwa saboda ƙarar janareta. Ni kuwa ina tsugune a ɗaya gefen motar kamar mai ɗaure takalmi. Da Turanci suka yi magana, kuma na ji komai. Lauyan ya ce masa kada ya kuskura ya taɓa sarƙar nan. Ya ce wanda ya gyara kaya da kuɗinsa da guminsa, kuma kayan suna hannunsa, doka ta sa shi a gaban kamfani, ko da kamfanin ya riga shi da takarda. In suna son injin daga garejin, sai su fara biyan bakaniken. Amma, in ji lauyan, wannan ƙarfin nasa yana nan ne muddin injin yana hannunsa. Ranar da ya sake shi da kansa, ya zama mai bin bashi kamar kowa. Mai Kwat ya kashe waya, ya share gumi, ya fita daga garejin ba ko sallama.

Na ruga gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A kaina na gano abin da lauyoyin duniya suka ɓoye wa talakawa: ashe duk ƙarfin Oga Gobe a cikin sarƙar nan yake. A fitar da injin, shi ke nan, ya zama fanko. Na zayyana wa Mama, ina tafiya ina dawowa a tsakar gida kamar alƙali. Ta saurare ni tana tsince shinkafa, ta sa na maimaita abin da lauyan ya ce. Can ta ce, in haka ne, a bar injin inda yake. Ta ce kamfani ba zai so ya biya kuɗin gyara ba, don haka muddin yana ɗaure ba mai taɓa shi. Ta riga ta yi magana da yayanta na Dabai, idan aka yanke dawa zai sayar da buhu kaɗan ya ranta mata, ta sallami bakanike da kamfani a rana ɗaya. Ta nuna ni da ludayi ta ce, kai yaron nan, in ta ji na je kusa da sarƙar nan sai ta karya mini ƙafa kafin babana ya dawo ya karya ɗayar. Na fita ina tsaki a zuci. Na ce wannan shi ne matsalar tsofaffi, an kawo musu ilimi har gida suna maganar dawa.

Kwana kaɗan bayan haka na haɗu da Mai Kwat a shagon mai lemo. Ya kira ni ƙanensa, ya sa aka buɗe mini mai sanyi, ya ce tun ranar farko ya lura ni ne mai kai a gidanmu. Edita, wannan magana ta shige ni fiye da lemon. Ya ce shi abin yana ba shi takaici, a ce jahilin bakanike ya riƙe abincin yara a gindin bishiya. Ya ce su kamfani me suke so in ba ganin injin a gida ba. Lura da kyau, a gida ya ce, bai ce yana aiki ba, bai ce za su bar shi ba, ni ne na cika sauran da kaina. Na buga ƙirji na ce ya bar mini, ranar kasuwa mai zuwa, da hantsi, lokacin da Mama take tafiya sayayya, injin zai kwana a rumfarsa. Ya tambaye ni ko na tabbata da hantsi. Na ce da hantsi. Ya sa aka ƙara mini biskit.

Ranar kasuwa na je gareji da baro da fuskar tausayi. Na gaishe da Oga Gobe har ƙasa, na ce wallahi abin da ake faɗa a gari ne ya hana ni barci. Ya ce me ake faɗa. Na ce wani bakaniken bakin tasha, wanda na san ba sa ga maciji da juna, yana yawo yana cewa gyaran ƙarya aka yi, injin yana ruri ne kawai don ba kaya a kansa, in aka haɗa shi da kan niƙa ko mudu ɗaya ba zai niƙa ba, shi ya sa aka ɗaure shi don kada asiri ya tonu. Tsinken sakacen ya faɗi daga bakinsa. Ya tashi zaune, ya ce wane ne, wannan yaron da shi ya koya masa riƙe sifana? Ya ce a kawo masara yanzu. Na ce ai Oga kan niƙan yana gida, a kafe da siminti, sai dai a kai injin can a sa bel, a niƙa a gaban jama'a, a dawo da shi kafin azahar. Ya dube ni irin kallon ranar man nan. Amma girman kai ya fi ƙarfinsa. Ya karɓe wayata mai fasasshen gilashi ya ce jingina ce, ya zaro makulli ya buɗe kwaɗon da hannunsa, ya ce in yi gaba, yana gama cin tuwonsa zai biyo ni. Na san in Oga Gobe ya ce yana zuwa, sai a shekara mai zuwa.

Ban bi gajeriyar hanya ba. Na bi ta tsakiyar unguwa da baro, ina fito, ina gaishe da mutanen da ban taɓa gaisarwa ba. Yara suka biyo ni. Na ɗora injin a mazauninsa, na ɗaure ƙusoshi, na sa bel, na ja igiya sau ɗaya ya kama. Ƙarar nan da muka yi kewa ta cika unguwa. Matan da suka guje mu suka fara fitowa da robobi, har da mai ƙosan nan, tana cewa daman ita ta san ɗan Madam ba na wasa ba ne. Na tsaya a kan injin, gari ya yi mini fari fat har gira, ina ba su labarin yadda na murɗe bakanike da doka. A labarin har na ce ya yi kuka. Ina cikin ƙara gishiri na hango Mama tana tahowa da kaya a kai.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja haka ba. Ta sauke kayan a ƙasa, tumatir suka gangara kwata ba ta ko kalle su ba. Ba ta tambaye ni yadda na yi ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko an biya shi. Na ce Mama ai ba sai an biya ba, doka ta ce. Ta kashe injin da kanta, ta ce in kwance shi yanzu yanzu in mayar, in gudu, in bi ta bayan gida. Ta fara kwance ƙusa da hannunta tana ƙonewa da zafin ƙarfe. Ƙusa biyu muka cire, sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Mai Kwat ya fito daga gaba, wasu ƙarti biyu suka diro daga baya da sifanu a hannu. Ya gaishe da Madam cikin ladabi, ya ce kamfani ya yi haƙuri iyakar haƙuri, kuma tun da kayan yanzu suna hannunta, sun zo ɗauka kamar yadda ta sa hannu. Na tsaya a gabansa na ce ba haka muka yi ba. Ya ce, ƙanena, me muka yi? Na buɗe baki, na lalubi alkawarin da ya yi mini, ban samu ko ɗaya ba. Ƙartin nan ba injin kaɗai suka ɗauka ba, har kan niƙan suka fasa siminti suka cire, da garin masarar mutane a cikinsa.

Suna ɗaure kaya sai ga Oga Gobe a guje, tumbi yana gaba yana baya, sarƙa a kafaɗa, miyar tuwo a singileti. Ranar ce kaɗai a tarihin Zuru ya zo wuri a kan lokaci, kuma ya makara. Ya kama ƙofar mota yana ihu cewa kuɗinsa na cikin injin nan, fistin nasa ne, ringi nasa ne. Mai Kwat ya leƙo ta taga ya tambaye shi, da muryar nan tasa ta mai jinya, wa ya buɗe kwaɗon. Ya ce ya nemi kuɗinsa wurin Madam. Mota ta tashi. Oga Gobe ya juyo, idanunsa jawur, ya neme ni a cikin taron ya same ni a bayan mai ƙosai. A gaban matan unguwa kaf ya fasa ƙwan: ya ce wannan ɗan sojan, wannan lauyan gindin baro, shi ne ya kashe injin tun farko da mataccen man babur, ya rufa masa asiri don tausayin uwarsa, ga sakayyar da ya samu. Matan da suke yi mini guɗa ɗazu suka kama haɓa. Mai ƙosai ta ce daman ita ta san idon yaron nan ba na kirki ba ne. Na jira mari, na jira ludayi, na jira a karya ƙafar da aka yi mini alkawari. Mama ba ta taɓa ni ba. Ta durƙusa ta tsince tumatir ɗinta daga kwata ɗaya bayan ɗaya, ta shige gida. Da ta yi mini duka da na fi samun sauƙi.

Daga baya wani lauya da muke coci ɗaya ya gaya wa Mama cewa tun da yaudara aka yi wa bakaniken ya saki, yana iya kai ƙara, wataƙila ma ya yi nasara. Da aka gaya wa Oga Gobe ya ce kuɗin zirga-zirgar kotu ya fi kuɗin fistin, kuma gaban alƙali sai ya faɗi cewa yaro ɗan sakandare ne ya yi masa wayo, gara ya mutu. Ya ce dai zai yi tunani, a dawo gobe. Wayata kuwa ya ce ita ba zai sake ta ba ko Shugaban Ƙasa ne ya zo gwaji.

Har yau ban daina raina mutanen nan biyu ba, kuma ba na jin zan daina. Ɗaya malalaci ne mai ɗaure abincin mutane a bishiya, ɗaya kuma mai sayen yaro da lemo da biskit. Amma idan na jera mu uku, ni ne na ƙarshe a daraja, domin su kowannensu ya san abin da yake karewa, ni kuwa rabin magana na ji a bayan matacciyar mota na ɗauka na zama lauya. Na ji cewa in kaya suka bar hannun mai gyara ƙarfinsa ya ƙare, ban tsaya na tambayi wa ke bayansa a layi ba. Sarƙar da nake zagi ita ce kaɗai ta hana a ɗauke injin Mama, kuma mutumin da na fi tsana shi ne yake gadinsa, ko da don tumbinsa yake yi. Don haka 'yan'uwana matasa, musamman masu baki irin nawa: in an aike ku sayen mai, ku sayi mai. In kayan gidanku na bashi ne kuma suna hannun mai gyara, kada ku fitar da su sai kun san wanda ke jira a waje. In mai bin ku bashi ya fara yabon basirarku yana buɗe muku lemo, ku ajiye kwalbar ku tafi gida. In kuma uwarku ta ce a jira kaka, ku rufe baki ku jira.

Kamfanin ya sayar da injin ga wani mutumin Wasagu, suka ce kuɗin bai rufe bashin ba, Mama ta ci gaba da biyan ragowar. Da aka yanke dawa kawuna ya kawo kuɗin kamar yadda ya yi alkawari, aka ba Oga Gobe hakkinsa na gyaran injin da ba mu da shi. Ni na rasa zango ɗaya na makaranta. Mama yanzu waina take soyawa a rumfar, ni nake kai mata markaɗe wata unguwa kafin in tafi aji.